Ƙotar Wuƙar Kakana

Kafin in fara ku yi mini afuwa, Hausar tawa ta 'yan Mancesta ce, a kicin ɗin Mama na koye ta. Duk inda kuka ga na karkace ku miƙe da kanku.

Laifi na yi a ƙarshen watan Afrilun 2024, kuma laifin ne ya sa na san abin da zan ba ku labarinsa yau. Babanmu yana da wata wuƙa da ya zo da ita daga Zariya tun kafin a haife ni. Ta mahaifinsa ce, wato kakana, wanda mahauci ne har ya bar duniya. Wani maƙeri ne ya ƙera masa ita da ƙarfen sifirin mota, kamar yadda maƙeran gida suka saba, ya sa mata ƙota ta itacen ƙirya. Ruwanta bai fi tsawon tafin hannuna da ɗan ƙari ba, kuma wasawar shekaru ta cinye cikinta har ya ɗan lotsa. Sau ɗaya a shekara take fitowa. Ranar Babbar Sallah, idan an kawo naman layya daga mayanka (kun san a nan ba a yanka rago a tsakar gida), Baba zai buɗe durowa, ya warware tsumman da ya naɗe ta, ya shimfiɗa leda a teburin kicin, ya zauna aikin nama har la'asar. A ofis yake aiki, amma ranar nan ɗan mahauci ne.

Ni kuwa ina karatu a Shefild, fannin kimiyyar ƙarafa da kayan ƙere-ƙere, kuma a shekarata ta biyu na faɗa cikin wasu 'yan makaranta masu son kwana a daji. Turawa na kiran abin bushkiraf: kunna wuta ba ashana, sassaƙa cokali, kafa bukka da rassa, duk abubuwan da kakanninmu ke yi ba tare da sun sa musu suna ba. Kowa yana da wuƙarsa, kowa yana yabon tasa. Ni kuma son a sani ya kama ni, na ce bari in kawo musu wadda ba su taɓa gani ba. Na je gida ƙarshen mako, na buɗe durowar Baba, na ɗauka ban tambaya ba.

Wani abu game da ɗaukar wuƙa a ƙasar nan, don ƙannena masu karanta wannan. Dokar 1988, sashe na 139, ta haramta riƙe wuƙa a bainar jama'a ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, in ban da 'yar ƙarama mai naɗewa wadda ba ta kullewa, kuma kaifinta bai wuce inci 3 ba. Hukuncin yana iya kaiwa shekara 4 a kurkuku. Zuwa zango a daji dalili ne, amma kai ne za ka gamsar da ɗan sanda, kuma ni da ku mun san fatar wa aka fi tsayarwa a tasha. Na naɗe ta cikin tawul, na cusa ta can ƙasan jaka ƙarƙashin tanti, amma duk da haka daga Mancesta har Shefild zuciyata ba ta kwanta ba.

A wani ɗan daji na wani manomi kusa da Hathersage muka sauka, da izininsa. An yi ruwa, itace duk ya jiƙe, sai an faskara a samu busasshen ciki. Yadda suke yi shi ne a ɗora wuƙa a kan guntun icce, a riƙa bugun bayanta da wani iccen har ya tsage. Na ga kowa yana yi, ni ma na ɗora wuƙar kakana. Bugu na huɗu na ji ƙas! Ƙotar ta rabe biyu a hannuna tun daga wuya har gindi.

Wallahi ban san lokacin da na zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa ba. Mako bakwai ya rage Sallah, ga jarrabawa a tsakani.

Da na koma ɗaki na duba da kyau sai na gane abu biyu. Na farko, wuƙaƙen abokaina ƙarfensu ya zarce har ƙarshen ƙota, faɗinsa ɗaya da ita, an manna itace gefe da gefe an ɗaure da ƙusoshi. Irin wadda Ray Mears ya yi suna da ita ke nan, wadda maƙeri Alan Wood ya riƙa ƙera masa. Ta kakana kuwa wutsiya gare ta siririya kamar ta ɓera, wadda maƙeri ya gasa ta yi ja ya soka cikin itace. Don yankan nama aka yi ta, ba don faskare ba. Na biyu, cikin ramin ƙotar cike yake da tsatsa. Shekara ashirin da wani abu ana wanke ta a famfo a ajiye cikin danshin Ingila, ruwa yana shiga ta wuya yana kwanciya. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri ninki da yawa, don haka tun tuni take tura itacen daga ciki. Wannan ya ɗan rage mini nauyi a zuciya, amma ba hujjar da zan kai wa Baba ba ce.

Sai na shiga neman abin da zan yi sabuwar ƙota da shi, kuma a nan ne na ɓata kusan mako uku, domin ashe duniya ce guda.

In dai maganar wuƙa ce, babu garin da ya fi Shefild dacewa mutum ya shiga wannan matsala. A nan Harry Brearley ya gano ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913. Ka shiga gidan tarihi na Kelham Island ka ga irin ƙotocin da aka riƙa yi a da: ƙashi, ƙahon barewa, ƙahon ɓauna, bawon kifin lu'ulu'u, da hauren giwa. Hauren nan mai yawansa daga nahiyarmu aka kwaso shi don Bature ya yanka nama da abu mai kyau a hannu, na daɗe tsaye gaban gilashin ina wannan tunani. Yanzu dai an rufe wannan ƙofa, dokar hana cinikin hauren giwa ta 2018 ta fara aiki a Birtaniya a watan Yunin 2022.

Ƙaho na fara so, saboda jikan mahauci ne ni, na ga kamar ya dace. Wani dattijo mai ɗan shagon gyaran wuƙaƙe, wanda daga baya ya bar ni in riƙa aiki a bencinsa ranar Asabar, shi ya hana ni. Ya ce ƙahon sa da na ɓauna abu ɗaya ne da farce, yana motsi, yana shan danshi ya kumbura, ya bushe ya tsuke, wani lokaci ya ɓare sala-sala. Idan kuma aka goge shi ya yi sheƙi, to da ya haɗu da jini ko kitse sai santsi. Ƙahon barewa mai rassa daban ne, shi ƙashi ne, yana da gurji-gurjin da hannu ke kamawa, shi ya sa mutanen Sami na arewacin Turai ke haɗa na barewarsu da itace a ƙotocinsu. Amma cikinsa sakayau ne kamar soso, kuma ba ka zaɓar siffarsa, yadda Allah ya tsiro da shi haka za ka riƙe.

Daga nan na koma kan kayan zamani, inda karatuna ya ɗan yi amfani. Akwai Micarta, wanda kamfanin Westinghouse na Amurka ya fito da shi wajen 1910 don kayan lantarki. Yadi ne ko takarda ake jerawa sala-sala, a jiƙa da ƙaron roba, a matse da zafi har ya zama kamar dutse. Ba ruwansa da damina ko hunturu. Wanda aka yi da yadin tamfol yana da wata baiwa: idan ya jiƙe zaren da ke samansa yana ɗan tashi, sai ya ƙara kama hannu. Yana shan maiƙon hannu ya yi duhu, amma sabulu na mayar da shi. Akwai kuma G10, wanda zaren gilashi ne da gam, irin allon da ake jera kayan cikin rediyo da kwamfuta a kai. Ya fi Micarta ƙin ruwa, ana samunsa kala-kala, har ruwan lemo mai haske don kada wuƙa ta ɓace a ciyawa. Sai dai yana da nauyi, yana dakusar da zarto da magagari, kuma ƙurarsa gilashi ce, in ba ka rufe hanci da takunkumi mai kyau ba huhunka ne zai biya.

In gaskiya ake so, mai neman wuƙar shiga dajin Ingila kawai, inda ruwa ba ya ɗaukewa, ba ya bukatar duk wannan bincike. Ya sayi Mora, ta garin Mora na ƙasar Suwidin inda ake ƙera wuƙaƙe a masana'anta tun 1891, mai ƙotar roba. Ba ta da kyan gani, kuɗinta bai kai na littafin karatu ɗaya ba, amma ba ta zamewa, ba ta sanyi a hannu, kuma in ta ɓace ba za ka yi kuka ba. Marigayi Mors Kochanski na Kanada, wanda ya koyar da zaman daji shekara da shekaru kafin rasuwarsa a 2019, da irin waɗannan masu arahar ya yi yawancin aikinsa. Ita ce a jakata yanzu. Da ita na tafi da ita tun farko da ba a yi wannan rubutu ba.

Amma ta yaya zan miƙa wa Baba wuƙar mahaifinsa da ƙotar roba?

Wata 'yar ajinmu 'yar Finlan ta nuna mini wuƙar kakanta, irin wadda suke kira puukko. Ƙotar ba itace ba ce, ɓawon bishiyar birci ne mai fari, aka yanka shi ƙanana-ƙanana aka jera a wutsiyar ƙarfen aka matse. Taushi kamar fata, ɗumi a hannu, kuma ɓawon yana da maiƙonsa na halitta da ke korar ruwa. Ta ce a sanyin ƙasarsu in ka riƙe ƙota mai ƙarfe a waje ba safar hannu za ka gane kurenka, shi ya sa wuƙaƙensu wutsiyar ɓoye take cikin ƙota. Ashe dai irin ginin wuƙar kakana ne. Maƙerin Zariya da na Finlan ba su taɓa jin labarin juna ba, kowa da dalilinsa, amma sun ƙare a wuri guda. Haka ake yi da fata ma, kamar wuƙar Ka-Bar da sojojin ruwan Amurka suka fara riƙewa a 1942. Fatar tana da daɗin riƙo, illarta in ta daɗe a jiƙe tana ruɓewa, in ta bushe ta saki.

Itatuwa kuwa kowanne da halinsa. Itacen oak yana da wani sinadari da ke baƙanta ƙarfe irin namu mai tsatsa. Na zaitun kyakkyawa ne amma yana son tsagewa. Wanda ake yi wa wuƙar Opinel ta Faransa ƙota da shi yana kumbura da ruwa har wuƙar ta ƙi buɗuwa. Na ga wani ja mai kyau a intanet an rubuta daga Afirka ta Yamma yake, da na bincika ashe madobiya ce, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da sauran wurare ana lodawa zuwa Sin, har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke taƙaita cinikinsu daga farkon 2017. Na rufe shafin. Ban ce duk mai sayarwa ɓarawo ba ne, amma ba ni da hanyar sanin inda guntun nan ya fito.

To ga inda na yi wauta ta biyu. Akwai itacen da ake sa wa cikin tukunya a zuƙe iskar da ke jikinsa, a tura masa ruwan roba ya cike duk ƙofofin, sannan a gasa. Yana fitowa da kyan itace da juriyar roba. Na sayi guntu ɗaya mai zane kamar gajimare, fam talatin da wani abu daga kuɗin abincina. Asabar biyu na yi a kansa. Na bi shi da sanfefa tun daga mai kaushi har mai laushin da ba ka jin ta, na goge har ina ganin fuskata. Kai, ya yi kyau! Na ɗauki hoto na tura wa abokai.

Dattijon nan bai ce komai ba, sai cewa ya yi in gwada ta a kan aikin da aka yi ta dominsa. Na sayi kafaɗar rago a shagon halal, na zauna a kicin ɗin gidan haya. Minti goma na farko lafiya lau. Da kitse ya shafe hannuna, na zo soka tsinin a gaɓa, sai hannun ya zarce gaba. Wuƙar ba ta da abin tare yatsa. Ɗinki uku aka yi mini a manuniya, mako guda kafin jarrabawar farko, kuma hannun da nake rubutu da shi ne.

Daren nan na kira Mama na faɗa mata komai. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, sai ta ce, “Kai wannan, ashe kai ne. Babanku ya buɗe durowar tun makon jiya.” Na ce me ya ce? Ta ce bai ce komai ba, ya mayar ya rufe. Jama'a, da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

Ita ce ta kawo mafita. Ta ce in zo in duba ɗakin ajiya, akwai tsohuwar taɓaryarta da ta zo da ita lokacin aure, wadda kanta ɗaya ya tsage aka daina amfani da ita tun da aka sayi injin markaɗe. Ƙirya ce ita ma. Duk wanda ya san gida ya san ƙirya: da ita ake turmi da taɓarya, gawayinta maƙera ke nema, gara ba ta cika damunta ba. Masassaƙa ba su zaɓe ta don kyau ba. Ga kuma abin da ya fi burge ɗalibin da ke cikina: itace yana daidaita danshin jikinsa da iskar inda yake zaune. Da kawuna ya aiko mini da sabo daga Zariya, wanda ya sha iskar hunturu, da sai ya yi watanni yana motsi kafin ya saba da nan. Wannan taɓarya kuwa ta fi ni daɗewa a Mancesta. Duk kumburin da za ta yi ta gama shi.

Fasa ƙotar fam talatin ɗin nan da kurfi da guduma ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba.

Ƙirya ta ba ni wuya. Zarto yana shiga kamar ba ya so, bakin injin huji ya yi zafi har hayaƙi. Ban gasa wutsiyar na soka ba kamar yadda maƙerin farko ya yi, don zafin yana iya sauka ya lalata taurin kaifin, kuma ramin da wuta ta ci gawayi ne a ciki, ba ya riƙe gam. Na kankare tsatsar tas, na huda ramin daidai, na goge cikinsa da asiton saboda maiƙon itace, na cika shi da Araldite mai jinkirin bushewa, ba mai minti biyar ba, har ya tumbatso ta wuya yadda ruwa ba zai sake samun hanya ba. A wuyan na sa zobe da na yanko daga bututun jan ƙarfe na masu gyaran famfo, don ya hana tsagewa.

Wannan karon na fi kula da siffa. Ƙota mai zagaye sosai tana juyawa a hannu, ba ka sanin inda kaifi ya dosa sai ka duba. Na yi ta kamar ƙwai in an yanka ta tsakiya, da ɗan ciki a inda tafin hannu ke kwanciya, da ɗan tudu kafin wuya inda manuniya za ta tsaya. Sanfefa kuwa a lamba 240 na tsaya, dattijon ma ya ce da na tsaya a 180. Na shafa man linsid sau huɗu, kwana ɗaya tsakani. Hattara ga mai son gwadawa: tsumman da aka shafa wannan mai da shi, in aka dunƙule aka jefar, yana iya kama wuta da kansa, a shanya shi a waje ko a jiƙa shi da ruwa. Mama ta ce ai man gyaɗa kakana ke shafa wa tasa. Na ce mata man gyaɗa ba ya bushewa, yana yin ɗoyi. Ta ce shekara arba'in yana fawa ba wanda ya ce wuƙarsa na ɗoyi. Na yi shiru.

Sallah ta kama ranar Lahadi, 16 ga Yuni. Bayan mun dawo daga Idi na same shi a falo, na durƙusa, na ajiye ta a gabansa cikin tsummanta na asali. Na ce, “Baba, na ɗauki wuƙar Kaka ban tambaye ka ba, na karya ƙotar. Ka yafe mini.” Na kuma ajiye ɓarin tsohuwar ƙotar guda biyu a gefe.

Su ya fara ɗauka. Ya haɗa su, ya daɗe yana kallo, ya nuna mini wani ɗan lotsi kusa da wuya wanda ban taɓa lura da shi ba. Ya ce nan babban yatsan Baffa yake zama. Ya sa su a aljihun babbar rigarsa. Sannan ya ɗauki wuƙar, ya juya ta, ya shinshina ƙotar, ya dubi ƙofar kicin ya ce, “Taɓaryar wa aka yanka?” Mama daga ciki ta ce tata ce, kuma ita ta bayar.

Ya riƙe ta yadda yake riƙewa in zai fiɗa, ya sake riƙewa, ya girgiza kai. Ya ce, “Ta yi kauri. Hannunka ka auna.” Gaskiya ne, ko sau ɗaya ban tuna cewa hannuna ya fi nasa girma ba. Na ce zan rage ta. Ya ce a'a, in bar ta haka, ya miƙo mini, ya ce in an kawo naman ni zan zauna, shi zai nuna mini inda ake bi.

Washegari aka kawo naman. Awa huɗu na yi a teburin kicin, yana tsaye a kaina yana cewa ba nan ba, bi gaɓa, kada ka yi faɗa da ƙashi. Hannuna ya yi sharkaf da kitse kuma ƙotar ba ta zame ba ko sau ɗaya. Sai dai ta tayar mini da bororo a gindin ƙaramin yatsa, inda na bar wani ɗan kaifi a ƙarshenta ban lura ba. Na ce zan tafi da ita Shefild in goge wurin. Baba ya ce wuƙar nan ba ta sake shiga jirgin ƙasa, in zo da sanfefar gida.